Ran Da Azurfa Ta Haɗu da Baƙin Ƙarfe

Na ji abin da kuke faɗa a bayan idona game da munduwar Inna. Wasunku sun ce sayar da ita na yi, wasu sun ce ɓarawo ya ɗauke na ji kunyar faɗa, har akwai wadda ta ce a ɓoye na ba 'yata Ummi don ita ce 'yar lelena. Duk ba haka ba ne. Tunda ni na koya wa rabin unguwar nan karatu kafin in bar aikin koyarwa a lakwal, ku ma ku zauna ku karanta. Da izinina munduwar nan ta tafi, a gaban idona, kuma har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi.

Gidanmu na maƙeran fari ne a nan Magariya. Don jikokin da ba su tarar ba: maƙerin fari shi ne mai aikin azurfa da tagulla, zobe da 'yan kunne da munduwa, maƙerin baƙi kuwa shi ne mai hauya da garma da gatari. Mu uku Baba ya haifa. Yaya Mamman ne babba, sai ni Abu, sai autanmu Haruna. Yaya Mamman ya gaji hannun Baba da halinsa, mutum ne da in ya ce a'a da safe, to har ya mutu safiyar nan ce. Haruna kuwa tun yana yaro ba ya son aikin zama. Da ya ga kayan kanti masu ƙyalli sun cika kasuwa, mata sun rage zuwa wurinmu, sai ya koma Dungas ya shiga cikin maƙeran baƙi, yana ƙera garma yana gyaran amalanke. Yaya Mamman ya haɗiye wannan da ƙyar. Abin da ya kasa haɗiyewa ya zo ne bayan rasuwar Baba, da Haruna ya ɗauki ƙaramar uwar maƙerar Baba, wadda fuskarta ke sheƙi kamar madubi don azurfa kaɗai ta taɓa sani, ya tafi da ita Dungas a matsayin rabonsa. Bai yi wata ba ya ɗora mata jan ƙarfe ya sauke mata masaba, babbar gudumar nan, fuskarta ta lotsa.

Ina tsaye a ƙofar maƙera ranar da Haruna ya kawo ta don ya ba da haƙuri. Yaya Mamman ya shafa lotsawar da yatsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya dafa ta da tafin hannunsa.

"Ɗauki abarka ka tafi," in ji shi. "Wallahi ni da kai, sai ran da azurfa ta haɗu da baƙin ƙarfe."

Ku da ba maƙera ba ba za ku gane nauyin maganar nan ba. Ni da na ji ta sai da na yi salati. Duk ɗan gidanmu ya san azurfa tana haɗuwa da tagulla, tana haɗuwa da zinariya, amma ita da baƙin ƙarfe ba sa ga maciji. Da sandar ƙarfe Baba ke motsa narkakkiyar azurfa, a mazubin ƙarfe yake zuba ta, ta huce ta fito abinta ba ta kama komai ba. Ashe yayana cewa ya yi har abada, ya dai zaɓi hanyar faɗa irin ta maƙera.

Shekaru suka haura ashirin a haka. Ba wanda ban kai masa ba. Liman ya zo har maƙera ya gaya masa yanke zumunci ya fi karya rantsuwa muni, ya ciyar da miskinai ya yi kaffara a wuce wurin. Ya saurara da ladabi, ya raka liman har ƙofa, ya dawo ya ci gaba da zuga wutarsa. Ni kuwa ya ce mini hannunsa na kan uwar maƙerar Baba ya faɗa, ba zai lashe ba. In ana suna a gidana sai in raba musu lokaci, ɗaya ya zo da hantsi ɗaya bayan la'asar, kamar masu shan magani. Na yi kuka, na yi faɗa, na yi fushin wata guda ban gaishe shi ba, ko gezau.

Sai ga shekarar da nake so ku sani. Bayan an gama kaka aka bugo mini daga Dungas cewa Haruna ya faɗi a bakin wuta. Na tarar da shi a asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ba ta fita sai gurnani. Mutumin da ke ɗaga ƙafar amalanke da hannu ɗaya, ga shi ana ba shi kunu da cokali. Lokotoro ya ja ni gefe ya ce irin wannan in ta sake dawowa ba ta cika bari ba. Da na dawo ko mayafi ban cire ba na wuce maƙera na gaya wa Yaya Mamman. Hannunsa ya tsaya a kan zuga-zugi, sannan ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Shi ke nan abin da na samu.

A cikin kwanakin nan ne Ummi ta zo hutu. Kun san sunan Inna ta ci, shi ya sa nake kiranta Ummi, kawunanta kuma ke ce mata Uwata. Lokacin tana can wata jami'a a ƙasar da ƙanƙara ke zuba, inda bursu, wato tallafin karatu, ya kai ta, tana aiki a laburatuwar, ɗakin gwaje-gwajensu. Ni dai na san kimiyya take karantawa, ban taɓa tambayar wace iri ba. Wata rana da azahar ina kwashe tuwo, tana yi mini surutu don ta ɗauke mini hankali daga zancen Haruna, sai na ji ta ce wani gari kamar hoda suke yi a wurin aikinsu, na azurfa da baƙin ƙarfe a haɗe. Mara ta suɓuce daga hannuna ta faɗa cikin toka.

"Me kika ce kuna haɗawa?"

"Azurfa da baƙin ƙarfe, Mama. Lafiya?"

"Ke, kada ki yi mini wasa da hankali. 'Yar maƙera ce ni. Ba sa haɗuwa."

"A wutar gawayi ba sa haɗuwa," in ji ta. "Mu ba da gawayi muke yi ba. Waya biyu ake samu sirara, ɗaya ta azurfa ɗaya ta ƙarfe, a murɗe su kamar igiya, a sa cikin wata tukunyar ƙarfe a rufe. Sai a tara kuran, wato wutar lantarki, mai yawa wuri ɗaya, a sake mata shi gaba ɗaya, kamar aradu ta faɗo. Wayar ba ta samun zarafin narkewa a hankali, fashewa take ta zama hayaƙi. In hayaƙin ya huce sai ya zama gari, ƙwayarsa ido ba ya ganinta, kuma kowace ƙwaya akwai azurfa akwai ƙarfe a jikinta."

Ta ci gaba da bayanin amfaninsa, wai azurfar na kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ƙarfen kuma na sa a iya janye garin daga baya. Ban tsaya ji ba. Ita ba ta san zancen rantsuwar ba sai sama-sama, don tana goye aka yi ta. Na bar tuwon nan a buɗe kaji na zagaye shi, na ja hannunta muka nufi maƙera.

A nan ne nake so ku gyara abin da kuke faɗa, cewa wai dabara na yi wa yayana. Ban ɓoye masa komai ba. A gabansa na sa Ummi ta maimaita, na kuma gaya masa dalilina ƙarara. Ya yi dariyar da na daɗe ban ji ya yi ba.

"Uwata, Turawan nan sun ruɗe ki. Tun kafin a haifi uwarki nake narka azurfa."

"Kawu, ni da hannuna nake yi."

"To da gurɓatacciyar azurfa kike yi, ko da ƙarfen da ba ƙarfe ba."

"Kai ka ba ni azurfar da ka yarda da ita," in ji ta. Jinin gidan ne a jikinta, ita ma ba ta iya ja da baya ba.

Ya gyara gawayin wuta. Sannan ya ce ƙarfen dole ya fito daga maƙerar wancan, don ko sunan Haruna ba ya kamawa. Azurfa kuwa, ya ce duk garin nan guda ɗaya ce zai iya rantsuwa a kanta, don yana yaro shi ya zuga wa Baba wuta ranar da aka tace ta. Bai faɗi ko wace ce ba. Hannuna kawai ya kalla.

Munduwar nan Baba ya ƙera wa Inna ita da aka haife ni, kuma ita kaɗai ce aikin hannunsa da ya rage a duniya, sauran duk an narke an sake. Inna ta zare ta daga hannunta ta sa mini tana kan gadon ajali. Na san abin da yayana yake yi: so yake in ce a'a, zance ya mutu, laifi ya koma kaina. Haushi ya kama ni har idona ya rufe. Na tuna Haruna da cokalin kunu. Na murzo munduwar da ƙyar, don ta riga ta saba da wurin, na ajiye masa ita a kan buzu.

"Abu," in ji shi, muryarsa ta canza, "in ta shiga wuta ba ta dawowa."

"Na sani. A gidan nan na tashi."

Shi da kansa ya narka ta, ina zaune ina kallon zanen Baba yana lanƙwashewa yana nutsewa. Shi ya ja ta ta ƙarfen nan mai huda-huda, daga babbar kafa zuwa ƙarama, har ta zama waya siririya ya naɗe ta a kara. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na isa gida. Kashegari muka je Dungas ni da Ummi. An riga an sallamo Haruna gida, na durƙusa kusa da shi na gaya masa komai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga hannun hagu ya nuna wani naɗin waya da ke rataye a rumfar maƙerarsa, irin wadda yake ɗaure kayan amalanke da ita. Hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace.

Ummi ta koma da wayoyin biyu. Bayan 'yan makonni ta ce shugabanta na aiki ya yarda, ta sa mana rana. Da hantsi muka taru a maƙera, na jingina telefon a jikin tulu, ta kira mu ta bidiyo. Ga ta nan cikin farar riga da tabarau, ta nuna mana igiyar da ta murɗe, fari da baƙi, fari da baƙi. Yaya Mamman ya matso da fuskarsa ya ce murɗin bai yi kyau ba, amma wayarsa ce, ya gane ta. Ta sa wani yanki a tukunyar, wadda ke da 'yar taga ta gilashi mai kauri, ta ja da baya ta ce mu kalli tagar. Ina kallon wayar nan da idona biyu. Sai wani haske ya tashi fari fat, da ƙara kamar an harba bindiga a cikin ɗaki, har na ja da baya na ture kwanon ruwa. Da na sake dubawa babu waya. Ba ta narke ta ɗiga ba, ba ta tsinke ta faɗi ba, babu ita kawai, sai wani hayaƙi baƙi yana juyawa a bayan gilashi. Na'urar ta turo wani yanki, aka sake harbawa, aka sake, aka sake. Abin da Inna ta yi daka da shi, ta yi wanka da shi, ta goye mu da shi a hannu, ina ji ana harbe shi ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Mamman kuwa gumi na tsattsafo masa, leɓensa na motsi yana salati. Na ce a raina an gama. Sai ya goge fuska ya ce:

"Na ga wuta, na ji ƙara. Ban ga haɗuwa ba. A kawo mini in taɓa."

Da ina da ƙarfi da na jefe shi da tulun nan. Ummi ba ta da halin dawowa sai ta ƙare karatunta, wato sai bayan bazara. Watannin nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Duk lokacin da telefon ya yi ƙara sai in ce daga Dungas ne. Haruna yana ta ramewa. Ni kuma hannuna na ta kai kansa wurin da munduwa take, in tarar da fata fara, in tambayi kaina ko haukar tsufa ce ta kama ni.

Ruwan farko ya sauka, Ummi ta iso. Abin da ta miƙa wa kawunta wata 'yar kwalba ce da ba ta kai ta turare ba, da ruwa a ciki, da wani baƙin abu kwance a ƙasa kamar kwalli. Na tambaye ta ina sauran, ta ce wani ya tafi wurin aunawa, wani ya manne a jikin na'ura. Yaya Mamman ya girgiza kwalbar, ruwan ya yi baƙi ƙirin. Sannan ya jawo mayen ƙarfensa. Kowane maƙerin fari yana da shi, don in ya goge azurfa da magagari, da shi yake tsince burbushin ƙarfe daga cikin garin azurfar kafin ya sake narkawa; ƙarfe ya bi maye, azurfa ta zauna. Gwajin da ya yi shekara da shekaru yana yi ke nan, ba wanda ya koya masa shi a ranar.

"In gauraya su kawai kika yi kamar gero da tsakuwa, yanzu za su rabu," in ji shi.

Ya manna mayen a jikin kwalbar. Baƙin nan duka ya taso ya tattaru a gefe guda, ruwan ya koma garau. Ya ɗaga kwalbar a rana yana neman abin da ya rage a ƙasa. Babu ko ƙwaya. Ya girgiza ya sake, ya juya ta ya sake.

"Ina azurfar?"

"Tana ciki, Kawu. Ƙarfen ne ya tafi da ita."

"Azurfa ba ta bin maye."

"Wannan ta bi."

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar yayana ba sai ran nan. Amma taurin kai bai gama da shi ba. Ya ce in da gaske tana ciki, wuta za ta faɗa. Ummi ta ce kada ya yi, ta ce sai suna ƙananan ƙwayoyi ne kawai suke zama tare, in ya narka su za su koma yadda ya san su. Bai ko kalle ta ba. Ya tsiyaye ruwan, ya juye garin a ɗan kaskon narki, ya barbaɗa sinadari, ya rufe da gawayi ya kama zuga. Da ya buɗe, ya kwashe baƙin dattin da ya taso, sai ga wani ɗigo fari yana rawa a gindin kasko. Ya huce ya zama 'yar ƙwallo, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya kai mata maye, ba ta motsa ba.

"Kun gani?" in ji shi. "Ga azurfa, ga ƙarfe. Rantsuwata na nan."

Abin da na gaya masa a wurin ba zan rubuta shi ba, don jikoki za su karanta. Na dai ce masa ya cinye munduwar uwarsa ya cinye ƙaninsa, ya zauna da rantsuwarsa ta yi masa jana'iza. Na fita ina ganin hanya bibbiyu. Ran nan na yanke ƙauna, na kuma yi niyyar ni ma na gama da shi.

Da safe ina shara aka yi sallama. Yaya Mamman ne a tsaye cikin babbar rigarsa ta Juma'a, alhali ran Talata ce. Idonsa ya yi ja. Bai gaishe ni ba.

"Motar Dungas ta tashi?"

Na jingine tsintsiya na dube shi.

"Cewa na yi sai ran da suka haɗu," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Jiya sun zo mini a haɗe, Abu. A tafin hannuna. Ni na zuga wuta na raba su."

Muka hau motar tare. Da muka shiga gidan, Haruna na kwance a rumfa, ya zama ƙashi da fata. Ya ga wanda ke bayana, ya yi wani irin sauti da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba, yana ta ƙoƙarin tashi da ɓarin da ya rage masa. Yaya Mamman ya tsaya cak. Ina jin bai taɓa kawowa a ransa cewa ƙaton nan da ya kora zai koma haka ba, don cewa ya yi, "Wannan ne? Abu, wannan ne Haruna?" Sannan ya durƙusa. Ya rarrafa ya tallafo kansa ya ɗora a cinya, yana kiran sunan da ya yi shekara ashirin da wani abu bai kama ba, yana maimaitawa kamar mai koyon faɗarsa. Ya zaro 'yar ƙwallon azurfar daga aljihu ya sa masa a hannun hagu ya rufe yatsun. Haruna kuma ya yi ta nuna ƙarƙashin gadonsa da ido, har matarsa ta jawo wani abu mai nauyi naɗe da tsumma. Uwar maƙerar Baba ce. Ta ce tun ranar da ya dawo da ita bai sake ɗora mata komai ba, mai kawai yake shafa mata duk shekara.

Yaya Mamman bai dawo Magariya ba sai da aka yi noman farko. Shi ke ba shi kunu, shi ke juya shi. Ciwon ya dawo kamar yadda lokotoro ya faɗa, ya tafi da Haruna, kuma Yaya Mamman ne ya yi wa gawarsa wanka. Ya ce da zai wanke hannun hagun sai da ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, ƙwallon na ciki.

Ita ce wannan da kuke gani a zare a wuyana, kuna tsammanin laya ce. Munduwar Inna ke nan, iyakar abin da ya rage. Wadda ta gaje ni a cikinku ita za ta samu, kuma kada in ji ta ce an cuce ta.